Naira 10 a kan litar lemo: wa aka yi wa wannan harajin?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi mini haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a rai tun ranar Talata. Na kai Hanif asibiti saboda wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka ɗora shi a sikeli, aka auna tsayinsa, sai na ga likitar ta ajiye biro ta ɗago tana kallona. Shekararsa 9, nauyinsa kilo 47. Ta juya shi ta nuna mini wani baƙi-baƙi a bayan wuyansa, wanda ni wallahi duk zatona dauɗa ce, na sha dirje wurin da soso har yaron nan yana kuka. Ta ce ba dauɗa ba ce, alama ce ta jiki ya fara gajiya da sukari, in ba a tashi tsaye ba ciwon suga na iya biyo baya.

Da na dawo gida na zauna na bi yininsa ɗaya bayan ɗaya. Da safe shayi da burodi, sukari cokali uku, kuma ni ce mai zubawa. A makaranta kuɗin tara da nake ba shi lemon roba da biskit yake saye, don su ne a shagon makarantar. In ya dawo taliyar leda. In zai tafi Islamiyya alawa. A Daidaita Sahu ke ɗaukarsa a ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar aji. Makarantar kuwa gidan haya ce aka yanka ɗakuna, inda yaro zai yi gudun taku goma babu.

Laifina na gani, ban ɗora wa kowa ba. Amma na ji an ce gwamnati ta sa haraji a kan lemo saboda irin wannan. Ni dai ban ga alama ba. Wai me ake yi ne, kuma me ya kamata a yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma ke 'yar nan kada ki bari likitoci su firgita ki. Mu a zamaninmu in yaro ya yi ɓul-ɓul godiya ake wa Allah. Da ya fara tsayi za ki ga ya zube.

Anti Nas:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ɓul-ɓul ɗin jariri daban, kilo 47 a shekara 9 daban. Yaro mai wannan shekarun galibi bai cika wuce kilo 30 da wani abu ba. Kuma baƙin wuyan nan da ta faɗa, mu da ke ɗakin awo mun san shi, a da a wuyan manya muke ganinsa. Maman Hanif, ki bi abin da likita ta ce, amma don Allah kada ki sa shi yunwa, kada kuma ki bari a riƙa tsokanarsa a gida. Gidan duka ne zai canja girki, ba shi kaɗai ba.

Ɗan Gidan Gaskiya:
Ni dai dariya abin ya ba ni, Allah ya ba yaro lafiya amma. A ƙasar da mudun shinkafa ya gagari talaka, a ƙasar da ake kwantar da yara biyu-biyu a gado ɗaya saboda tamowa, a nan ne za mu zauna muna muhawarar ƙiba? Wannan ai ciwon 'yan Nasarawa GRA ne. Gwamnati ta fara ciyar da mai jin yunwa tukuna.

Baban Amira:
Bari in amsa tambayar da aka yi kafin a shiga rigima. E, akwai harajin. Yana cikin Dokar Kuɗi ta 2021 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a ranar ƙarshe ta Disambar wannan shekarar, lokacin Zainab Shamsuna Ahmed na ministar kuɗi. Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai gas da sauran abin sha da aka zuba wa sukari. Aka fara karɓa a tsakiyar 2022, kuma a wurin kamfani ake karɓa, ba a shago ba, shi ya sa ba ki gan shi ba.

Yanzu ki yi lissafi. Robar da Hanif ke sha rabin lita ce, harajinta naira 5. Ƙaramar kwalba naira 3 da sule biyar. Wa zai fasa shan lemo saboda naira 5? Ko almajiri ka miƙa masa ita yau sai ya kalle ka. Kuma kuskuren da aka yi, an ɗaure shi a kan adadi ɗaya, ba a kan kason farashi ba. Kullum kaya na tashi, naira 10 na nan inda take, hauhawar farashi ta cinye ta tas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa in ana so haraji irin wannan ya yi aiki, sai ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100. Namu ko kashi 2 da ƙyar yake kaiwa yanzu. Shi ya sa CAPPA, wata ƙungiyar fafutuka mai zaman kanta, ke ta kiran a mai da shi naira 130 a lita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin ba a ware su domin lafiya ba. Lalitar gwamnati suke shiga kamar kowane haraji.

Alhaji Mai Shago:
Naira 130 a lita? Malam ka ji tsoron Allah. Ni shekara 16 ina sarin lemo a kasuwar Singa. Lokacin da aka kawo naira 10 ɗin nan ba mu ma san ta zo ba, gaskiyarka. Amma tun daga lokacin kuɗin katan ya ninka fiye da sau biyu, saboda dala da man dizal da sukarin kansa. To in tsada ce ke hana sha, ai an riga an yi muku gwajin kyauta. Kun san me ya faru? Mutane ba su daina ba. Sun sauka ne daga mai tsada zuwa mai araha, daga babbar roba zuwa ƙarama, yara kuma suka koma na leda mai kala wanda ba ka san ma inda aka haɗa shi ba. Ka ƙara haraji, ni ciniki ya ragu, yaran shagona biyu in sallami ɗaya, mai haɗa na leda a lungu ya samu kasuwa.

Baban Amira:
Alhaji, maganar na leda ka faɗi gaskiya, wannan aikin NAFDAC ne kuma da sauran aiki a gabanta. Amma gwajin da ka ce ba daidai yake ba. Lokacin da lemo ya yi tsada, komai ya yi tsada tare da shi, har ruwan leda da nono da lemon zaƙi na ɓawo. Haraji kuwa abu ɗaya yake ɗagawa ya bar sauran, don mai saye ya ga bambanci ya karkata. Mekziko ta gwada a Janairun 2014, peso ɗaya a kan lita, wajen kashi 10 na farashi. A shekarar farko saye ya ragu da kusan kashi 6, kafin ƙarshen shekarar raguwar ta kai 12, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa.

Ɗan Gidan Gaskiya:
Ka ji ka da bakinka, talaka ne ya rage. Wato mai kuɗi ya ci gaba da sha, talaka a hana shi ɗan abin da yake sanyaya maƙoshi da shi ranar suna. Kowace dabara aka kawo a kan talaka take ƙarewa.

Anti Nas:
Ƙanina, bari in gaya maka wanda abin ke ƙarewa a kansa. Ka zo ranar asibitin masu suga ka ga layi. Mai kuɗi yana da abin awon jini a gida, yana da firij da zai ajiye insulin, yana da sola. Wanda ake yanke wa ƙafa shi ne mai gadi da ɗan dako da mai ɗinkin hula, wanda sai gyambo ya ruɓe zai zo, don ba shi da kuɗin mota. In ciwon nan ya shiga gidan talaka gona ake sayarwa.

Kuma maganar tamowa da ka kawo, kana tsammanin abokan gaba ne da ƙiba, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma kashi 57. Wannan binciken dai shi ya nuna kashi 28 na mata nauyinsu ya wuce ƙa'ida. Na sha ganin uwa mai ƙiba ta goyo yaro mai tamowa. Abinci ɗaya suke ci: sitaci da mai da sukari, babu wake, babu ƙwai, babu ganye. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Sannan yaron da ya sha wahalar yunwa yana ƙarami, in ya girma ya faɗa cikin lemo da fulawa, ya fi saurin kamuwa da suga da hawan jini. Jikinsa ya saba da tattali, kome ya samu ajiyewa yake.

Ɗan Maradi:
Anti ta faɗi gaskiya. Mu nan Maradi mun san tamowa, tun yunwar 2005 da aka cika likita da yara ana ba su biskitin gyaɗar nan. Har yau in damina ta yi tsakiya gadaje cika suke. Amma ka tsaya bakin lakwal mai zaman kanta a Yamai lokacin tashi, ka ga yaran da ake ɗauka a mota. Duka biyun gari ɗaya, wani lokaci dangi ɗaya.

Ummu Sultan:
Ni ina Ingila shekara 11 kenan, bari in ba ku yadda na nan yake, don dabararsa ta bambanta da ta Mekziko. An sanar da shi a 2016, aka ba kamfanoni shekara biyu, ya fara aiki a Afrilun 2018. Ba kowane lemo aka yi wa kuɗin goro ba. In sukarin da ke cikin mililita 100 bai kai giram 5 ba, ba ka biyan ko sisi. Lokacin da aka fara a 2018, daga 5 zuwa 8 fam 0.18 ake biya a lita, in ya kai 8 kuma 0.24. To me kamfanoni suka yi? Yawancinsu tun kafin ranar ta zo suka rage sukarin don su tsallake. Sukarin da ke cikin irin waɗannan lemuka ya ragu da sama da kashi 40 cikin 'yan shekaru. Mai shago bai rufe ba, Alhaji, katan ɗin da yake sayarwa shi yake sayarwa, abin da ke cikin robar ne ya canja.

Irin na Najeriya kuwa, ko cokali ɗaya ka zuba ko cokali 13, naira 10 ce. To don me kamfani zai wahalar da kansa ya rage?

Amma kada in yi muku daɗin baki. Ƙiba ba ta tafi ba. A nan ana auna yara a makaranta sau biyu, suna shekara 4 zuwa 5 da kuma 10 zuwa 11, a aiko wa iyaye da takarda. Har yanzu sama da ɗaya cikin biyar na 'yan ajin ƙarshe na firamare suna da ƙiba. Masu bincike na Jami'ar Cambridge sun ce bayan harajin ƙibar 'yan mata na wannan ajin ta ragu da kusan kashi 8, ta maza kuwa ba su ga canji ba. Sannan ga amsar Ɗan Gidan Gaskiya: a nan yaran unguwannin talakawa sun ninka na masu hali wajen ƙiba. Soyayyar kaza da dankali ta fi kayan lambu araha, shi ke nan. Mai kuɗi ne siriri.

Ɗan Gidan Gaskiya:
To Allah ya kai mu zamanin da talakan Kano zai yi ƙiba da soyayyar kaza.

Ummu Sultan:
Ba da kaza zai yi ba, da taliyar leda da burodi da lemon naira ɗari zai yi. Kuma ya fara.

Alhaji Mai Shago:
Wannan na Ingila in haka ne ni ba ni da ja. A rage sukarin daga can kamfani, ni ina ruwana. Abin da ba na so a ce ni ne zan biya kuɗin asibitin jama'a. Ko a Saudiyya na ga yadda suka yi, a 2017 suka ɗora kashi 50 a kan lemo mai gas, kashi 100 a kan na ƙarin kuzari. Su suna da kuɗi. Mu kuwa fa?

Malam Hedimasta:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, saboda duk kun tafi kan haraji, alhali abin da Maman Hanif ta kwatanta a ƙofar makaranta yake faruwa. Shekara 24 ina koyarwa a firamaren gwamnati, kuma na yi 'yan shekaru ina taimaka wa wata mai zaman kanta da yamma. Bari in gaya muku abin da na gani.

Da na fara aiki, masu tallan bakin makaranta abin da ke farantinsu shi ne ƙosai, alala, dafaffiyar gyaɗa, rogo da ƙuli, ɗanwake, goruba, aduwa, mangwaro in lokacinsa ne. Ba na ce duk lafiyayye ba ne, ƙuda na hawa, amma abinci ne. Yau ka duba farantin: biskit, cingam, alawa mai sanda, lemon leda ja da kore da ke rina harshe. Ba don matan sun zama mugaye ba. Ƙosai in bai ƙare ba ya lalace, biskit kuwa wata uku yana jira. Ribar ta fi, asarar babu.

A makarantar kuɗi kuma abin ya fi muni, domin shagon na mai makarantar ne ko na matarsa. Firij cike da lemo, kuma an hana yaro fita. Kasuwa ce da aka kulle mai saye a ciki. Ka ce masa ya daina, ka taɓa masa aljihu.

Sai filin wasa. A ƙa'ida kafin a ba makaranta lasisi ana duba ko tana da filin wasa. Ku zaga unguwanninku ku ƙirga nawa ke da shi. Darasin motsa jiki a allo ake rubuta shi, yaro ya haddace amfanin gudu ya rubuta a jarrabawa yana zaune. Mu na gwamnati da muke da fili, an yanka gefe an yi shaguna. Yaran da ke langa da 'yar gala-gala da kokawa a dandali bayan isha, yau iyaye sun kulle su saboda tsoron masu satar yara, kuma ban ga laifinsu ba. Boko, lesin, Islamiyya, waya, barci.

Duk wannan babu wanda ke buƙatar Majalisar Tarayya. Takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi ta jiha ta isa: ba a sayar da lemon sukari a cikin makaranta, ba a sabunta lasisi sai da wurin wasa ko yarjejeniya da fili mafi kusa. Sai dai a samu mai bin takardar ba tare da an cusa masa ambulan ba.

Baban Amira:
Malam, abin da ka faɗa shi ƙasar Chile ta yi a 2016, kuma a ganina nasu ya fi na kowa haƙori. Duk abin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi yawa a cikinsa, dole a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban leda, an rubuta yawan me ke ciki. Ba sai ka iya karanta ƙananan rubutun baya ba, ko kakata ta ga baƙin tambari uku ta san magana. Duk abin da ke da tambarin ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallarsa ga yara 'yan ƙasa da 14, har zanen dabbobin katun da ke jikin kwali aka cire, aka hana sa abin wasa a ciki don jan yara. Sayen lemon sukari ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mekziko ta kwaikwayi tambarin a 2020, jihar Oaxaca ta hana sayar wa yara irin waɗannan kaya a wannan shekarar, a Maris na 2025 kuma aka hana su a makarantun ƙasar baki ɗaya.

Anti Nas:
Tambarin nan shi nake so. Iyaye da yawa suna sayen lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace suna ganin gata suke wa yaro. Ruwa ne da sukari da ƙamshi. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokalin shayi 12 ko 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi ga babba ma kada ya wuce kamar cokali 6 a yini. Maman Hanif, ki ɗauki kofi ki auna cokali 12 a gabansa ki ce ya shanye. Na gwada wa nawa, sun fi jin wannan a kan duk faɗan da nake yi.

Abu Ramla:
Ni duk wannan shisshigin ne ba na so. Yau a ce lemo, gobe a ce kilishi, jibi a auna mana tuwo. Denmark ta sa harajin kitse a 2011, shekara ɗaya aka yi aka soke, mutane na tsallaka iyaka suna sayo man shanu a Jamus. Tarbiyyar ciki aikin iyaye ce. Addini ya riga ya ba mu ma'auni: ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Malam Hedimasta:
Sallallahu alaihi wa sallam. Babu mai ja da wannan, Malam. Amma yaro ɗan shekara 7 da naira 200 a hannu, an rufe get, gabansa firij, uwarsa na gida, wane kashi uku zai raba? Babba ya sha abin da ya ga dama da kuɗinsa, ni ban ce a bi shi gida ba. Yaron da aka damƙa mana amana daga ƙarfe 8 zuwa 2, wannan hukuma na da ta cewa.

Maman Ilham:
Duk kun manta da abu ɗaya. Harajin kamfani ba ya shiga kicin ɗinmu. Zoɓon da nake yi na sayarwa, in ban zuba sukari ya yi kauri ba dawo mini da shi ake. Kunun aya haka, fura haka, mai shayi kuwa sai ka riƙe masa hannu. Ga alkaki, ga nakiya, ga tuwon madara da gullisuwa. Mu ma fa ba baya ba ne.

Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, mu mata mun san ana shan sha-ka-fashe don a yi jiki kafin biki. Yarinya siririya kullum ana mata gorin ko ba a ba ta abinci. Amarya in ba ta yi ƙiba ba bayan wata uku, a ce mijin ba ya kula da ita. Da wannan tunanin wace doka ce za ta yi aiki?

Hajiya Babba:
To ni ai da ku nake mamaki. Mu mun sha fura da nono, mun ci alkaki, ba mu ga wannan ba. Amma dai kam mun yi daka, mun yi surfe, mun ja ruwa a rijiya, alkakin ma sai biki ko salla. Lemon kwalba sai an yi baƙo, mutum huɗu a raba kwalba ɗaya. Yanzu jikokina kowa da robarsa. To na ji, a rage.

Ɗan Zongo:
Mu a Gana tun 2023 aka sa kashi 20 a kan abin sha mai sukari. An ji shi a farashi sosai. Sai dai mutane da yawa suna ganin neman kuɗi ne ya sa, don lokacin gwamnati na cikin matsin bashi.

Ɗan Gidan Gaskiya:
Yauwa, ka taɓo inda nake. In da gaske lafiyar yara ce ta dame su, ga hanya: duk abin da aka tara daga lemo a zuba shi a ciyar da ɗalibai. Shirin da aka fara a 2016 naira 70 aka ware wa kowane yaro, daga baya aka ce 100, wadda ko ƙwai ɗaya ba ta saye yanzu, sannan abin ya yi ta tafiyar hawainiya. A ba yaro wake da ƙwai a makaranta, mai tamowa ya samu, irin su Hanif ma ya ƙoshi bai nemi biskit ba. In an yi haka ni ma zan goyi bayan naira 130 ɗin. In kuwa za a karɓa ne a sayi motoci, a bar wa Alhaji cinikinsa.

Anti Nas:
Yau dai mun haɗu a hanya ɗaya da kai. Japan da ake misali da ita wajen ƙarancin ƙiba, ƙarfinta a abincin makaranta yake. Kowa abu ɗaya yake ci a aji, yaran ne ke rabawa, malami na ci tare da su, kuma tun 2005 suna da dokar koyar da ilimin abinci.

Malam Hedimasta:
Na ga ciyarwar nan da idona. Ranar da ake ba da ƙwai aji cika yake har ƙasa. Matsalar ita ce masu dafawa sai su yi watanni ba a biya su ba.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi gwajin Anti Nas, na auna cokali 12 a kofi. Ya kalla ya ce wallahi ƙarya ne, sai da babansa ya karanta masa bayan robar. Yau da gorar ruwa da dafaffen ƙwai da gyaɗa ya tafi, ya dawo yana fushi wai an yi masa dariya an ce abincin ƙauye ya kawo.

Na kuma je makarantar. Shugabar ta saurare ni da mutunci, ta ce in kawo maganar taron iyaye da malamai ranar Asabar. Amma da zan fito na tsaya wurin mai shagon, ashe ba na mai makarantar ba ne, haya take biya. Bazawara ce da marayu huɗu, ta ce lemon nan shi ne rabin cinikinta. Na rasa abin da zan ce mata, har na sayi ruwa na fito. Malam Hedimasta, in na tashi a taron na ce a cire lemo, me zan ce ta sayar a madadinsa da ba zai lalace mata ba?

Malam Hedimasta:
Kada ki ce a cire gaba ɗaya rana ɗaya, za su taru a kanki. Ki nemi a fara da kwana uku a mako, kuma iyaye su yi alkawarin ba da kuɗin tara a kan abin da za ta kawo. Tunda tana da firij, nono marar sukari da kankana yankakkiya da ruwan sanyi za su zauna. Gyaɗa, dabino, aya da dafaffen ƙwai ba sa ba da wahala. Ki fara samun iyaye biyar su tsaya miki kafin Asabar, kuma ki je da ita mai shagon, kada ta ji labari a bakin wani.

Maman Ilham:
In za ta karɓi zoɓo mai ɗan sukari kaɗan da citta da abarba, ni zan riƙa kai mata a kan sari. Maman Hanif ki yi mini magana ta gefe.